Zangon Wagadugu da Katafilar Ci Gaba

A 1749 marubucin Faransa Voltaire ya rubuta maƙala yana kushe birnin Faris saboda matsattsun lunguna da kasuwanni masu ƙazanta. Masanan zamaninsa sun yarda cewa ilimi shi ne abin da ido ya gani aka kuma auna, don haka gari ma a auna shi, a miƙe titunansa, iska ta ratsa. Haussmann, jami'in da ke kula da Faris, ya aiwatar da hakan daga 1853, ya rushe tsofaffin unguwanni. Da Faransawa suka ci Wagadugu a 1896, wannan tunani ya biyo su.

Fataken Hausa sun riga su sanin ƙasar Mossi, inda Wagadugu take, domin ayarin goro mai zuwa Gwanja yakan ratsa ta. Unguwar da Hausawa suka kafa a Wagadugu, Zangouettin, ta cika da 'yan kasuwa, mahauta da malaman allo, ga masallatai, ga gidajen ƙasa masu tsakar gida, duk a cibiyar birni, dab da filin jirgin sama.

Wannan matsayi ne ya ja wa unguwar. Gwamnatin Blaise Compaoré ta fito da shirin ZACA na mayar da cibiyar gari wurin ofisoshi da manyan shaguna. A 2003 katafila ta shiga Zangouettin da maƙwabtanta, irin su Tiedpalogo da Peuloghin. Mazauna sun yi bore, ba a fasa ba. Aka ba su filaye a Nioko da Ouaga 2000, nesa da kasuwar da ke ciyar da su.

Taswirar shirin ta ƙirga kadada da benaye, ba ta ƙirga maƙwabtaka ba. Shekaru bayan rusau, filaye da dama a wurin ciyawa ce kawai ta mamaye su.