Yadda Ƙarfin Abokan Gaba Ke Ƙaruwa A Wasannin Bidiyo Na Tsira Da Rai

A shagunan cajin waya da gidajen buga gem na birnin Sakkwato, daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo, akwai ƙorafin da aka saba ji daga bakin matasa, cewa wasan da jiya ake cinye shi cikin sauƙi yau ya gagara. Wasu kan ɗora laifin a kan waya, wasu a kan raunin intanet, wasu kuma su ce kamfani ne ke yi musu maguɗi. A mafi yawan lokuta dalilin yana cikin wasan kansa. Masu ƙirƙirarsa sun rubuta lissafin da ke ƙara wa abokan gaba ƙarfi, kuma akasarin lissafin yana bin abin da mai wasan ya aikata da hannunsa.

Sanin wannan lissafi yana da amfani ga mai wasa, haka ma ga ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke saya wa 'ya'yansa data, domin da shi ne ake gane inda lokaci da kuɗi ke tafiya.

Mene ne wasan tsira da rai?

Wasa ne da ake jefa mutum cikin daji ko kufai ko tsibiri hannu rabbana. Dole ya nemi abinci, ya sari itace, ya haƙo ƙarfe, ya ƙera makami, ya gina mafaka kafin dare ya yi, alhali namun daji ko dodanni ko matattu masu tafiya, waɗanda ake kira zombi, suna farautarsa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Minecraft na kamfanin Mojang da ke ƙasar Suwidin, wanda ya fito a kammale a 2011, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma ya zuwa 2023 an sayar da kwafi fiye da miliyan 300. Akwai kuma Don't Starve da 7 Days to Die na 2013, da Last Day on Earth na wayar hannu na 2017, da Valheim na 2021.

Matsalar da duk masu ƙirƙirar irin wannan wasa ke fuskanta ɗaya ce. Wanda ya fara da sanda, bayan sa'o'i kaɗan zai mallaki takobi da sulke da gida mai katanga. Idan abokan gaba suka tsaya a ƙarfinsu na farko, wasan zai gundure shi. Idan kuma suka yi masa fintinkau, zai fusata ya ajiye.

Asalin dabarar

Ƙaruwar wahala ta fara shahara ne bisa tsautsayi. A 1978 injiniya ɗan Japan, Tomohiro Nishikado, ya ƙirƙiri Space Invaders, inda ake harbin wasu halittu 55 da ke saukowa daga sama. Na'urar zamanin ba ta da ƙarfin motsa su duka da sauri, don haka duk lokacin da aka rage yawansu sai nauyin aikin ya ragu, waɗanda suka saura su ƙara gudu. Nishikado ya lura cewa hakan ya ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi a haka.

Shekaru uku kafin nan, a 1975, masanin halayyar ɗan'adam Mihaly Csikszentmihalyi ya yi bayanin cewa mutum ya fi nutsewa cikin aiki idan wuyar aikin ta yi daidai da ƙwarewarsa. Masu ƙirƙirar wasanni sun rungumi wannan bayani. Ga Bahaushe wannan tsohon sani ne, domin a fagen dambe da kokawa yara ne ke buɗe fili kafin manya su shigo, kuma ba a haɗa sabon shiga da wanda ya yi suna. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ake ƙara wa abokin gaba

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara masa rai, wato yawan saran da zai jure kafin ya faɗi, ko a ƙara wa bugunsa illa. Ana kuma ƙara yawan maharan, ko a fito da sabon nau'i mai gudu ko mai dafi ko mai tashi sama, ko a ba su makamai da sulke. Hanya mafi wuyar tsarawa ita ce ƙara musu dabara, kamar zagayowa ta baya ko fasa ƙofa. 'Yan wasa sun fi ƙorafi a kan hanya ta farko, domin abokin gaban da aka ninka wa rai kawai yana tsawaita faɗa ba tare da ya sauya salonsa ba.

Ma'aunan da wasa ke dubawa

Na farko shi ne zaɓin mai wasa. Minecraft yana da matakai huɗu: na lumana, wanda babu dodanni masu kai hari a cikinsa, da mai sauƙi, da matsakaici, da mai tsanani. Ran mai wasa maki 20 ne. A matsakaicin mataki bugun zombi yana cire maki 3, a mai tsanani kuma 4.5. Ke nan wanda ba shi da sulke zai faɗi a bugu na bakwai a matsakaici, amma a bugu na biyar a mai tsanani. A wannan mataki ne kuma zombi ke iya fasa ƙofar katako, yunwa ma tana iya kashewa.

Na biyu shi ne lokaci. A 7 Days to Die, kowane dare na bakwai wata yakan yi ja, matattu su yi dafifi zuwa inda mai wasa yake, kuma kowane zagaye yakan fi na baya tsanani. A Don't Starve karnukan daji ne ke kawo farmaki lokaci zuwa lokaci, yawansu na ƙaruwa gwargwadon kwanakin da aka yi a raye. Minecraft kuwa, wanda yininsa da darensa minti 20 ne, yana da wani ɓoyayyen lissafi. Ya yanka duniyarsa zuwa filaye masu faɗin tubali 16 da tsawon 16, yana ƙirga tsawon zaman da aka yi a kowane fili. A nau'in kwamfuta, ƙirgen yana ci gaba har sa'a 50, sannan a haɗa shi da daɗewar duniyar da kuma cikar wata. Sakamakon shi ne, a kusa da tsohon gidan mai wasa ne aka fi samun dodanni masu sulke da makamai masu tsafi.

Na uku shi ne matsayin mai wasa. A 7 Days to Die ana haɗa matakin da mutum ya kai da kwanakin da ya rayu a fitar da adadin da ke yanke irin matattun da za su zo. Wanda ya yi gaggawar hawa mataki ba tare da ya ƙarfafa katangarsa ba ya jawo wa kansa. Wannan tsari yana da illarsa idan aka wuce gona da iri. An soki wasan Oblivion na 2006, duk da cewa ba na tsira da rai ba ne, saboda ƙananan 'yan fashin kan hanya sukan bayyana sanye da sulke mafi tsada da zarar mai wasa ya yi nisa, har ya rasa amfanin wahalar da ya sha.

Na huɗu shi ne wuri. Valheim ya raba duniyarsa zuwa yankuna, daga makiyaya zuwa baƙin daji, da fadama, da duwatsu masu ƙanƙara, kowane yanki da nasa dodannin. Wasu dodannin suna ɗauke da tauraro a saman kansu. Mai tauraro ɗaya ransa ninki biyu ne, mai biyu kuma ninki uku, kuma kowane tauraro yana ƙara rabin illar bugu. Kashe babban dodon yanki, wanda 'yan wasa ke kira bos, yana buɗe ƙofa ga sababbin hare-hare a kan gida. Last Day on Earth ya sauƙaƙa abin da launi: koren yanki mai sauƙi ne, rawaya matsakaici, ja kuma shi ne mafi haɗari da kuma mafi albarkar kaya.

Na biyar shi ne dukiya. A RimWorld, wanda Tynan Sylvester ya jagoranci ƙirƙirarsa aka kammala a 2018, girman harin da za a kawo wa sansani ya dogara ne a kan darajar abin da aka tara da kuma yawan mazauna. Wanda ya cika rumbu da azurfa da kayan ado bai sayi makami ba, zai ga rundunar da ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa ƙwararru ke sayar da rarar kaya ko su kyautar, su zuba abin da ya rage a kan tsaro. A 7 Days to Die ma yawan hura wutar maƙera da harbin bindiga a wuri ɗaya yana jawo wata matacciya mai kururuwa da ke kiran 'yan uwanta.

Na shida shi ne yawan 'yan wasa. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma masu ƙirƙira sun san haka. A Valheim, duk abokin da ya ƙaru a kusa yana ƙara wa dodanni kimanin kashi 30 cikin 100 na ransu, tare da ɗan ƙari a bugunsu. Saboda haka abokin da ya zo kallo ba ya faɗa nauyi ne a kan tawaga.

Wahalar da ke bin ƙwazo a ɓoye

Akwai wasannin da ke sa ido a kan yadda mutum ke taka rawa, su gyara kansu ba tare da sanar da shi ba. Resident Evil 4 na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 2005, yana ƙara wa abokan gaba zafi idan mai wasa yana harbi daidai ba ya shan duka, ya kuma sassauta idan yana yawan mutuwa. Left 4 Dead na kamfanin Valve, na 2008, ya zo da manhajar da aka laƙaba wa suna darakta. Tana auna irin matsin da 'yan wasa huɗu ke ciki, ta turo musu matattu har abin ya kai ƙololuwa, sannan ta janye su sarara kafin ta sake. Ita ke yanke inda mahara za su ɓullo, shi ya sa ba a bin hanya ɗaya sau biyu a tarar da abu iri ɗaya.

Wasannin da aka fi bugawa a waya

Free Fire na kamfanin Garena, na 2017, da PUBG Mobile na 2018 sun karɓu a wurin matasa, musamman Free Fire da ƙaramar waya ke iya ɗauka. A cikinsu mutane ne ke fafatawa da juna, 50 a Free Fire, 100 a babban filin PUBG, har a bar mutum ɗaya ko tawaga ɗaya. Wahala tana ƙaruwa ta hanyoyi uku. Da'irar da ake iya tsayawa a cikinta tana tsukewa, ta tilasta wa waɗanda suka rage su haɗu. Tsarin matsayi yana haɗa mutum da tsararrakinsa, duk hawan da ya yi sai ya tarar da waɗanda suka fi iyawa. Sannan wasannin farko na sabon shiga a PUBG Mobile sukan ƙunshi abokan karawa da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ba su da wuyar kashewa. Idan aka rage su, sai yaro ya ga kamar hannunsa ne ya lalace.

Inda kuɗi ke shigowa

Wasan da aka saya sau ɗaya ba shi da wata riba a wahalar da mai shi fiye da ƙima. Wasannin waya na kyauta kuwa suna samun kuɗinsu ne daga talla da cinikin cikin wasa. A wasunsu farko yakan zo da sauƙi, sai a kai wani mataki da ci gaba ke bukatar doguwar jira ko maimaita aiki ɗaya, a daidai nan kuma a nuna makami ko ƙarin kuzari na sayarwa. A Last Day on Earth, misali, gudu daga yanki zuwa yanki yana cin kuzari, wanda in ya ƙare sai a jira ko a biya.

Zargin haɗa wahala da ciniki ya taɓa kaiwa gaban kotu. A watan Nuwamban 2020 wasu 'yan wasa a jihar Kalifoniya ta Amurka sun kai ƙarar kamfanin Electronic Arts, mai wasan ƙwallon ƙafa na FIFA a wancan lokaci, suna zargin yana sauya wahala a ɓoye don a sayi fakitin 'yan wasa. Kamfanin ya musanta, kuma a 2021 masu ƙarar suka janye bayan an ba su bayanan fasaha sun kuma tattauna da injiniyoyinsa.

A Nijeriya batun ya ƙara nauyi tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta a 2019, tana nufin halin da wasa ke danne karatu da aiki da zumunci na tsawon lokaci, yawanci shekara guda ko fiye.

Abin lura ga 'yan wasa da iyaye

Yawancin wasannin kwamfuta da na PlayStation suna da shafin saiti inda ake rage tsanani, kuma Minecraft yana bari a sauya mataki a tsakiyar wasa, in ban da a tsarinsa na rai ɗaya. Kafin hawa mataki ko kashe bos, ya kamata a fara gyara sulke da katanga da abinci. Idan wasa ya tsananta kwatsam, tambayar farko ita ce me ya sauya: kwanaki, ko yanki, ko dukiya, ko yawan abokai.

Ga iyaye, alamar da ta fi bayyana ita ce lokacin da ake nuna tayin saye. Idan yana fitowa ne a duk sa'ar da yaro ya faɗi, to an ɗaura wahalar a kan aljihu. Shagon Google Play yana da saitin da ke neman kalmar sirri kafin kowane ciniki, manhajar Family Link kuma tana ba uba ko uwa damar ƙayyade sa'o'in da yaro zai yi a kan waya. Wanda ya ɗaura katin bankinsa a wayar da yara ke ɗauka, wannan saiti ne ya kamata ya fara dubawa.