Tarihin Ilimin Gadon Halitta: Daga Lambun Mendel Zuwa Takardar Jinotaif

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, a watan Mayun 2024, takardar jinotaif ta shiga cikin kayan aure. Waliyyi na tambayarta kafin a sa rana, liman na tambayarta kafin a shafa fatiha. Wasu na cewa an yi shisshigi cikin lamarin Ubangiji, wasu na cewa an ma makara. An fasa aure saboda haruffa biyu, an yi kuka, an ɓata zumunci. Abin da ke damuna shi ne, yawancin masu gardamar ba su san daga ina AA da AS da SS suka fito ba. Har ɗalibanmu na bayoloji da ke haddace dokokin Mendel don jarrabawa, kaɗan ne ke haɗa abin da suka karanta da takardar da yayarsu ta karɓo daga asibiti. Alhali ilimin gado bai zo mana a matsayin baƙo ba: da jinin masu sikila aka buɗe wasu manyan ƙofofinsa.

Cewa ɗa na ɗaukar kamannin iyaye, wannan kowa ya sani tun fil azal. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manomi na ware zangarniyar da ta fi kyau don iri, makiyayi na zaɓen bijimi. A hadisi ma an ruwaito labarin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fata, Manzon Allah (SAW) ya jawo hankalinsa ga raƙumansa, cewa launi kan ɓuya a kakanni ya bayyana a jika. Ita kanta cutar sikila, da muke kira amosanin jini, mutanen Afirka ta Yamma sun san ta da daɗewa. Likita Africanus Horton ɗan Saliyo ya bayyana zazzaɓi mai haɗe da ciwon gaɓoɓi da ke tashi da damina a littafinsa na 1874, sannan Farfesa Felix Konotey-Ahulu na Gana ya bi sawun cutar a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. An san cutar, an san tana bin gida. Yadda take bi ne ba a sani ba, shi ya sa aka jingina ta ga iska da maita, aka riƙa kiran uwar da 'ya'yanta ke mutuwa a jere mai wabi.

Wanda ya fara lissafa gado da alƙaluma shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Burno, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Shekara takwas ya yi yana aiki a lambu da wani nau'in wake da ake kira fis. Yakan buɗe furen tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji da ɗan hantsaki, ya shafa masa garin wani furen da ya zaɓa, ya rufe da 'yar jaka don kada ƙwari su ɓata masa aiki. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Da ya bar waɗannan suka hayayyafa, gajarta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Daga nan ya gane cewa kowane hali na da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata na iya rinjayar wata ba tare da ta shafe ta ba. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, har ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai uku suka tono aikin. A tsakanin nan, a 1869, Friedrich Miescher ya tatso wani sinadari daga mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya a Jamus. DNA ce ya riƙe a hannunsa, bai san ita ce ma'ajiyar gado ba.

Sikila ta shiga littattafan likitancin Turai ta hanyar wani saurayi ɗan tsibirin Giranada, Walter Clement Noel, da ya je Shikago karatun likitan haƙori. A 1904 aka kwantar da shi, ƙaramin likita Ernest Irons ya ɗiga jininsa a gilashi ya duba a madubin ƙara girma. Maimakon jajayen ƙwayoyin jini zagayayyu, sai ya ga wasu dogaye, lanƙwasassu kamar lauje. Maigidansa James Herrick ya buga rahoton a 1910. Noel ya gama karatu, ya koma gida ya yi aiki, ya rasu a 1916.

Shekarar 1949 ce, a ganina, ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi, kodayake littattafan makaranta sun fi ɗaukaka 1953. A shekarar ne James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu, kowa da nasa binciken, suka nuna cewa sikila na bin dokar Mendel sak: mai ƙwaya ɗaya, wato AS, lafiyarsa lau, mai biyu, wato SS, shi ke ciwo. A shekarar ne kuma Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka ɗauki himogulobin, wato furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a cikin jini, suka ratsa shi da wutar lantarki. Na mai sikila ya yi tafiya dabam da na mai lafiya, na mai ƙwaya ɗaya kuma ya rabu gida biyu. Karo na farko ke nan da aka nuna cewa asalin wata cuta yana cikin ƙirar furotin guda. Wannan dabara ta lantarki ita ce har yau ake amfani da ita a yawancin ɗakunan gwajinmu. Duk budurwar da ta miƙa hannu aka ɗebi jininta a Kano ko Maraɗi, gwajin 1949 ake maimaita mata.

Tun 1944 Oswald Avery da abokansa suka nuna cewa DNA ce ke ɗauke da gado, sannan a 1953 James Watson da Francis Crick suka fitar da siffarta a Kambirij: igiya biyu murɗaɗɗu, masu haruffa huɗu, A da T da G da C, A na riƙe da T, G na riƙe da C. Sun dogara da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan, matar da ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kafin a raba kyautar Nobel ta 1962 kan wannan aiki. Amma siffa kaɗai ba ta nuna yadda gado ke zama ciwo ba. Vernon Ingram ne ya cike giɓin a 1956 da 1957, shi ma a Kambirij, shi ma da jinin sikila. Ya gano cewa a cikin jerin amino asid 146 da ke sarƙar beta ta himogulobin, ɗaya tak ya sauya, na shida: valin ya maye gurbin gulutamik asid. Daga baya aka karanta wurin a DNA, a kan kuromozom na 11, aka ga GAG ta zama GTG. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda ɗigo ɗaya ke mai da ba ta koma nun. To, harafi ɗaya ne cikin kimanin biliyan uku.

Wannan harafin shi ke sa himogulobin ya dunƙule idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar jini ta sandare ta toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ne yaron da ke kwana yana ihu da sanyin hunturu, tafin hannu da ƙafa a kumbure, ido ya yi rawaya, uwa na gasa masa gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi har asuba. Kuma ita ce dangin miji za su ce ta kawo musu cuta, alhali yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da rabinsa.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce, me ya sa cuta mai kisa haka ta yi yawa a cikinmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar duk shekara. Amsar da aka fi ji, musamman daga bakin 'yan boko, ita ce auren zumunci. Ban yarda ba. Gaskiya ne idan ƙwayar na cikin gida, auren ɗan wa da 'yar ƙane na ƙara yiwuwar haɗuwarta. Amma Yarbawa da Ibo sun haramta auren dangi na kusa a al'adarsu, kuma sikila na nan birjik a cikinsu. Lissafin ma a fili yake. Idan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, to ko da kowa bare ya aura, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS, kuma jariri ɗaya cikin 64 zai zo da SS. Wasu kuma na cewa cutar baƙar fata ce. Wannan ma bai tsaya ba, don akwai ta a gabashin Saudiyya, da tsakiyar Indiya, da Girka, da Sisili.

Amsar da nake tsaye a kanta ita ce sauro. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura cewa ƙwayar ta haura kashi 20 cikin 100 a mutanen bakin Tafkin Biktoriya da gaɓar teku inda maleriya ta yi katutu, amma da ƙyar ake samunta a mazauna tsaunuka. A 1954 ya nuna cewa yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ke nan a ƙasar sauro, AA na fuskantar maleriya, SS na fuskantar sikila, AS ne ke rayuwa ya haifa, shi ya sa ƙwayar ba ta ƙarewa. Masana sun yi saɓani kan lokacin da ta ɓulla. Binciken Daniel Shriner da Charles Rotimi na 2018 ya ce kimanin shekara 7,300 ke nan, zamanin da Sahara ke da ruwa da ciyayi, wasu kuma sun kai ta baya da haka nesa. Kan rawar da sauro ya taka dai an daina gardama.

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi ma a ƙasar Hausa aka samo ta, kuma abin baƙin ciki ne ɗalibanmu ba su san da ita ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, da ke jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa. Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin dubban mutane, suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai sababbin haihuwa, kusan biyu cikin ɗari SS ne. A cikin manyan yara da baligai kuwa da ƙyar ake samun ɗaya cikin dubu. Sun mutu ke nan, mafi yawansu kafin shekara biyar, ba tare da an san sunan abin da ya kashe su ba. Masu AS kuwa adadinsu ƙaruwa ya yi, daga kimanin kashi 24 a jarirai zuwa kusan 29 a waɗanda suka girma. Abin da Allison ya faɗa, ga shi a rubuce a jinin mutanen Garki. Masu cewa kakanninmu ba su yi gwaji ba kuma sun zauna lafiya, su sake duba waɗannan alƙaluma. Kakanninmu sun binne 'ya'ya.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya gyara wani kuskure da ya yaɗu. Idan aka ce AS da AS na haifar SS ɗaya cikin huɗu, ba ana nufin in ɗan fari ya zo da cutar, ukun da ke biye sun kuɓuta ba. Kowane ciki lissafinsa sabo ne. Akwai gidan da aka haifi shida ba ko ɗaya, akwai gidan da uku a jere suka zo da ita. Kada kuma a manta da himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, don SC ma ciwo ce.

Sauran tarihin ya zo da gudu. A 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy suka gano sikila a ɗan tayi ta hanyar DNA. A 2003 aka sanar da kammala karanta jerin DNA ɗin ɗan Adam. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yanke DNA a daidai inda ake so da fasahar CRISPR. Cutar da aka fara samun lasisin magancewa da ita kuwa, sikila ce tare da 'yar'uwarta talasimiya. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a kashe makunnin da ke hana jiki yin himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya lanƙwasa, sannan a mayar masa. Victoria Gray ce ta fara karɓa a Amurka a 2019. Birtaniya ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo a Disamba. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar a duniya, ba ta ko cikin lissafi, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a riƙa faɗa.

Sai dai abin da ya ceci yara a Amurka da Ingila, har fiye da kashi 90 cikin 100 ke kaiwa girma, ya riga CRISPR zuwa, kuma mai araha ne: gwajin jarirai tun ranar haihuwa, da fenisilin kullum, wanda binciken 1986 ya tabbatar da amfaninsa, da rigakafi, da maganin haidiroksiyuriya. Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi tun 1995. Dokar Kano daidai ce, ina goyon bayanta, amma ta tsaya a ƙofar ɗaurin aure, lokacin da zukata sun riga sun ƙullu kuma an kashe kuɗi. Ga kuma ɗakunan gwaji marasa inganci da ke ba mutum AA yau, AS gobe. Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su kai gwajin ɗakin haihuwa da makarantun sakandare, su sa ido kan masu gwaji, su wadata asibitoci da magani. Ku kuma ɗaliban bayoloji, ku fara sanin naku jinotaif, sannan ku zauna da iyaye da ƙanne ku zana musu jadawali mai gida huɗu na haɗuwar AS da AS da Hausa, ku nuna musu cewa rabin gadon daga uba yake.