Dutsen Kwatarkwashi

Dutsen Kwatarkwashi wani babban dutse ne da ke ƙaramar hukumar Bungudu ta Jihar Zamfara, a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Garin Kwatarkwashi yana gindinsa, kuma matafiya kan hango dutsen tun daga nesa.

Tsuntsaye

Dutsen ya yi suna wajen masu nazarin tsuntsaye saboda maiki (Gyps rueppelli), wanda a da aka san yana sheƙa a bangonsa mai tsayi, inda mutum ba ya kaiwa da sauƙi. Maiki dangin ungulu ne, mushe yake ci. Ba a san tsuntsun da ya fi shi tashi sama ba: a shekarar 1973 wani ya yi karo da jirgin sama a saman Abijan, a tsayin mita 11,300.

Al'ada

A da, mutanen garin suna bikin kamun maiki, kuma Maguzawa suna tsafin Magiro a dutsen.

Barazana

A 2015 ƙungiyar IUCN ta saka maiki cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne gubar da ake zubawa a mushe da farautarsa don haɗa magani.