Ɗalibai da Littattafan Soyayya: Tarihin Muhawarar Adabin Kasuwar Kano

Littattafan soyayya, waɗanda suka mamaye kasuwannin Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, sun fi duk wani rubutun zube na Hausa tayar da ƙura. Har yau sunan da ya dace a kira su da shi yana raba kan malaman sassan Hausa na jami'o'i, kuma duk ɗalibin da ya ɗauke su a matsayin batun kundin digirinsa sai ya zaɓi ɓangare. Da yawa daga cikin masu karanta su ɗalibai ne, musamman 'yan matan sakandare, kuma a kan tarbiyyar waɗannan ɗalibai aka yi mafi yawan rigimar.

Kafin zuwansu, ƙagaggen labarin Hausa ɗan gidan hukuma ne. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Daga nan har kusan shekara hamsin, hukuma ko babban kamfanin ɗab'i kamar NNPC ne ke tace littafi, ya buga, ya kai shi aji. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980 kuma ake ɗaukarsa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, ta ƙofar gasar NNPC ya shigo.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan tsari. Na farko shi ne shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya yaye ɗimbin yara masu iya karanta Hausar boko ko da Turancinsu bai nuna ba. Na biyu shi ne karyewar tattalin arziki da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo da shi a 1986, lokacin da takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan manhaja. Aka wayi gari ga masu karatu birjik, babu abin karantawa. Waɗannan matasa kuwa sun tashi suna kallon finafinan Indiya a sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, da kuma a talbijin, inda labarin masoya biyu da iyaye suka shiga tsakaninsu ya zame musu abin da suka sani ciki da bai.

Sai matasan suka ɗauki alƙalami da kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na sahun farko. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Marubuci yakan haɗa 'yan kuɗinsa ya kai rubutunsa wurin mai ƙaramar maɗaba'a, ya kwaso kwafe ya kai wa dillalan littattafai a kasuwar Sabon Gari, su kuma su rarraba zuwa Kaduna da Katsina da Sakkwato har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram.

Shi kansa littafin siriri ne, takardarsa irin ta jarida, bangonsa da zanen saurayi da budurwa ko na mota da katafaren gida. Akan raba labari kashi biyu ko uku, a yanke shi daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya, a ce masa sai an haɗu a littafi na biyu. Shafukan ƙarshe kuwa allon talla ne: jerin littattafan da ke kan hanya, hoton marubuci, adireshin aiko da wasiƙa, wani lokaci har da wasiƙun masu karatu. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya jagoranta, ta ƙware a wannan dabara, domin kowane littafin ɗan ƙungiya yana tallata na 'yan uwansa. Gidajen rediyo ma sun taimaka, don karanta labari a iska yakan sa a wayi gari ana nemansa a kasuwa.

A makarantun kwana na 'yan mata, kwafi ɗaya yakan zaga ɗaki guda har bangonsa ya rabu da jikinsa. Akan cusa shi cikin littafin lissafi a lokacin karatun dare, wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya ko ta jira layi ya zo kanta. Malaman da ke kula da ɗakunan kwana kuwa ƙwace shi suke yi duk inda suka gan shi.

Littafin da ya kai abin ƙololuwa shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad, wanda ya fito a 1991. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, da ta ƙallafa rai a kan Muhammad, talaka, aka nemi tilasta mata auren attajiri Abdulƙadir, har ta faɗa rijiya. Iyaye da masu wa'azi suka ce littafin yana koya wa 'yan mata bijire wa iyaye da jefa rai cikin halaka. Marubucin da magoya bayansa suka ce auren dole ne ke tura yarinya rijiya, littafi dai ya nuna abin da ke faruwa ne.

Suka mafi nauyi daga jami'a ta fito. Ibrahim Malumfashi, malamin adabi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a lokacin, ya yi ta rubuce-rubuce a jaridar Nasiha a farkon shekarun 1990, kuma shi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano. Ya kwatanta su ne da ƙananan littattafan Turanci da aka yi yayi a kasuwar Onitsha, waɗanda yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kawo ƙarshensu. Hujjojinsa uku ne. Ya ce ba a tace littattafan, ƙa'idojin rubutu a warwatse suke. Ya ce jigoginsu kwashe ne daga finafinan Indiya da labaran soyayyar Turawa, ba su fito daga rayuwar Bahaushe ba. Sannan ya ce neman kuɗi ne ya haife su, don haka da kasuwa ta juya za su mutu.

Martani mafi ƙarfi ya zo ne a 1999 a shafin adabi na New Nigerian Weekly, wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda fanninsa na asali koyar da kimiyya ne, ya tattara ɗaruruwan littattafan ya karkasa su bisa jigo, ya nuna cewa ba duka ne na soyayya ba. Ya ce aikin da gwamnatoci suka kashe maƙudan kuɗi a kai ba su cimma ba, wato sa matasa su riƙa karatu don raɗin kansu, waɗannan marubuta sun yi shi ba da kwabon hukuma ba. Yusuf Adamu, marubuci kuma malami a jami'ar, ya ƙi amincewa da sunan kasuwa, ya ce adabin Hausa na zamani ya kamata a kira shi. An shafe watanni ana musayar raddi, wani lokaci da zafi har ana taɓa mutunci.

Idan aka auna hujjojin biyu, Malumfashi yana da gaskiya a kan inganci. Da yawa daga cikin littattafan an buga su cikin gaggawa, da kurakuran rubutu a kowane shafi, wasu kuma kwaikwayon fim ne ƙarara. Sukar tasa ta amfani marubutan, domin ta sa wasunsu sun fara kai aikinsu a duba kafin bugawa. Amma batun aro ba ya tsayawa da ƙafafunsa, tunda Magana Jari Ce da ake kafa misali da shi Abubakar Imam ya gina shi ne da labaran da ya ɗebo daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa. Kishi da auren dole da sakin wulaƙanci da cire yarinya daga makaranta, waɗanda Balaraba da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka yi rubutu a kansu, ba daga Bombay aka shigo da su ba. Hasashen mutuwar ma bai tabbata ba. Ɓangaren Abdalla ya fi kusa da gaskiya, domin ya dubi mai karatun, ya tambayi abin da ya sa take ɓoye littafi a ƙarƙashin matashi.

Hukuma dai ba ta bi wannan ra'ayi ba. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, shirin A Daidaita Sahu ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata a Kano. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista a riƙa duba aikinsu kafin ya fita, abin da ya haddasa doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta. Damuwar iyaye a kan batsa da ta fara kutsowa cikin wasu littattafan damuwa ce ta gaske, sai dai wuta ba ta bambance mai kyau da maras kyau ba.

Abin da ya rage wa littafin takarda kasuwa a ƙarshe fim ne da waya. Tun a shekarun 1990 marubuta da dama, ciki har da Ado Ahmad da Balaraba, suka shiga harkar fim. Daga baya labaran suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda ake sakin su shafi-shafi, mai karatu ya biya ta banki kafin a ba shi ci gaba. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci a 2012, BBC Hausa kuma ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Littattafan da a da ake ƙwacewa a ɗakin kwana yanzu ana nazarinsu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, matsalar tacewa da Malumfashi ya nuna kuwa ta bi rubutun zuwa intanet, inda babu edita ko kaɗan tsakanin marubuciya da ɗalibar da ke karanta ta.