Taliyar Vietnam mai kama da gilashi: yadda ake yin ta, kasuwarta da matsayinta a Najeriya

Taliyar da aka saba da ita a Najeriya, ta leda ce ko 'yar murji, da garin alkama ake yin ta. A ƙasashen gabashin Asiya kuwa akwai wata taliya da babu alkama a cikinta ko kaɗan. Da tsantsar sitaci ake sarrafa ta, kuma idan ta dahu takan yi garau har a riƙa hango abin da ke bayanta, dalilin da ya sa ake kiran ta taliyar gilashi. Sinawa na yin tasu da sitacin wani ƙaramin koren wake, Koriyawa kuma da na dankalin Hausa. Mutanen Vietnam na kiran tasu “mien dong”.

Daga gona zuwa kasuwa

Tushen taliyar Vietnam wani tsiro ne da ake kira “dong rieng”, mai faffaɗan ganye kamar na ayaba, da saiwa mai kama da gwaza. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, amma ya karɓu a yankunan tsaunuka na arewacin Vietnam, irin su Na Ri da Binh Lieu da Cao Bang. Ƙananan manoma kan shuka shi a farkon shekara, su haƙe saiwar a ƙarshenta.

Daga nan aiki ya koma hannun masu tace sitaci. Sukan wanke saiwar, su niƙa, su tace, su bar ruwan ya kwanta har sitacin ya taru a ƙasa. Masu yin taliya su ne rukuni na uku. Sukan dama sitacin, su turara shi a shimfiɗe siriri, su shanya a rana kan shimfiɗun gora, sannan su yanka shi zare-zare su sake busarwa. Ƙauyukan Cu Da da So da ke kewayen Hanoi, babban birnin ƙasar, sun yi suna a wannan sana'a.

Kasuwar takan fi tashi a makonnin da ke gabanin bikin Tet, wato sabuwar shekarar Vietnam, da ke faɗowa a watan Janairu ko Fabrairu. Da yake busasshiya ce, taliyar na daɗewa ba ta lalace ba, kuma ba ta da nauyi, abin da ya sauƙaƙa jigilarta zuwa birane da ƙasashen waje. Shirin gwamnatin ƙasar na “kowace gunduma da hajarta”, wanda aka faro a 2018, ya taimaka wa ƙungiyoyin gama-kai na karkara wajen samun shaidar inganci da kyautata marufi.

Sana'ar na da nata matsaloli. Girbi sau ɗaya ne a shekara, don haka farashin sitaci na hawa da sauka. Ruwan sama na tsayar da shanya. Wasu kan gauraya sitacin da na rogo domin rage kuɗin da suke kashewa, yayin da gurɓataccen ruwan da ke fita daga wuraren tacewa ya daɗe yana damun ƙauyuka irin su Duong Lieu.

Matsayinta a Najeriya

Najeriya da Vietnam sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1976, kuma Vietnam na da ofishin jakadanci a Abuja. Tana cikin manyan masu sayen ɗanyen kashu na Najeriya. Sai dai duk ɗan kasuwar da ke tunanin shigo da wannan taliya ya kamata ya san cewa taliya ta daɗe a cikin jerin kayayyakin da aka haramta shigowa da su Najeriya, a ƙarƙashin lambar kaya ta 1902. Ban da haka, duk abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, sai ya samu rajistar hukumar NAFDAC kafin a sayar da shi.

An yi haramcin ne domin kare masana'antun cikin gida, kuma sun bunƙasa. Kamfanin Dufil, mai yin Indomie, ya kafa masana'antarsa ta farko a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, kuma a yau Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen cin taliya mai saurin dahuwa. Amma mafi yawan alkamar da masana'antun ke amfani da ita daga waje take zuwa, domin wadda ake nomawa da rani a Jigawa da Kano da Kebbi ba ta kusa isa ba. Shi ya sa faɗuwar darajar Naira ke bayyana nan take a farashin kwalin taliya.

Abin dubawa

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Vietnam na noma kusan tan miliyan 10 ne kawai, amma ita ke biye da Thailand wajen fitar da sitacin rogo. Bambancin yana wajen sarrafawa. Rogo na fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku bayan an tono shi, don haka inda babu matata kusa da gona, manomi ke asara.

Sitacin rogo shi kaɗai na sa taliya ta yi danƙo da laushi, saboda haka bai kai na “dong rieng” dacewa da wannan aiki ba. Na dankalin Hausa kuwa Koriya ta riga ta nuna yana yi, kuma Najeriya na cikin manyan masu noma shi a Afirka. Cibiyoyin bincike irin su IITA da ke Ibadan da Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike sun daɗe suna aiki kan rogo da dankali. Abin da misalin Vietnam ya nuna shi ne, ƙananan matatu a karkara da kasuwa tabbatacciya na iya mayar da saiwa mai arha ta zama haja mai daraja.