Yadda Birnin Rum Ke Rage Magunan Titi Ba Tare Da Kashe Su Ba

A shekarar 1991 majalisar dokokin Italiya ta zartar da doka mai lamba 281, wadda ta haramta kashe magunan da ke zaune a titi ba mai su, sai fa wadda cuta ta ci ƙarfinta ko ta kamu da ciwon da ba ya warkewa. A maimakon kisa, dokar ta ɗora wa likitocin dabbobi na hukuma alhakin yi musu aikin hana haihuwa, sannan a mayar da su inda aka kamo su. Wannan tsari na kamawa, fiɗiyewa da mayarwa shi ne ake taƙaita sunansa da TNR a Turance, kuma Rum, babban birnin ƙasar, na cikin wuraren da aka fi daɗewa ana gwada shi.

Tushen matsalar shi ne saurin haihuwa. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar, cikin kuma bai wuce kwana 63 zuwa 65 ba. Takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Galibin 'ya'yan da aka haifa a titi ba sa kai wata shida, yunwa da cuta da motoci ke cinye su, amma waɗanda suka tsira sun isa su cike gurbi har su ƙara. Masu goyon bayan tsarin sun ce kwashe maguna daga unguwa ba ya magance komai muddin akwai abinci a juji, domin wasu za su zo su gaji wurin.

Aikin kan fara ne da tarko mai siffar keji, wanda ƙofarsa ke rufewa da zarar kyanwa ta taka wani faranti a ciki. Akan saba mata da cin abinci a lokaci guda, sannan a hana ta na kwana ɗaya don yunwa ta ja ta zuwa ga kifin da aka ɗana. Da ta shiga sai a lulluɓe kejin da zane, duhu kan kwantar mata da hankali. A asibiti, bayan an yi allurar barci, ana cire wa muzuru 'ya'yan maraina, abin da bai yi nisa da fiɗiyar bunsuru ba. Na tamata ya fi nauyi, don sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa, sau da yawa har da mahaifa. Kafin ta farfaɗo akan yanke ɗan tsinin kunne ɗaya, kimanin santimita guda, alamar da za a hango daga nesa kada a sake kama ta. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a sake ta a daidai inda aka ɗauke ta.

'Yan ƙanana kuwa hukuncinsu daban ne. Ɗan kyanwa yana sabawa da mutane ne tsakanin mako biyu zuwa bakwai da haihuwa. Wanda aka samu cikin wannan lokaci ana iya rainonsa a ba mai so ya riƙe a gida. Wanda ya wuce shi sosai, da wuya ya daina gudun mutum. Ana iya yi masa aikin da zarar ya kai wata biyu, nauyinsa ya kusa kilo ɗaya.

A Rum, ginshiƙin aikin su ne matan sa-kai da ake kira gattare, masu ciyar da garkunan maguna da lura da baƙuwar da ta shigo. Wurin da ya fi suna shi ne kufan Torre Argentina, inda aka kashe Julius Kaisar shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1993 wasu mata biyu, Lia Dequel da Silvia Viviani, suka kafa mafakar maguna a gefen kufan, wadda har yanzu take aiki.

Shin adadin ya ragu? Binciken da Eugenia Natoli da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya nuna an yi wa maguna kusan 8,000 aikin a birnin tsakanin 1991 da 2000. A garkuna 103 da suka duba, an sami raguwar kashi 16 zuwa 32 cikin ɗari, ragowar da ba ta fara bayyana sai bayan shekara uku. Sai dai kusan kashi 21 cikin ɗari na magunan baƙi ne, waɗanda suka zo da ƙafarsu ko masu su suka jefar. A nan gizo ke saƙa: mutumin da ya san za a ciyar da kyanwa a titi, ba kuma za a kashe ta ba, ba ya jin nauyin yar da tasa. Wani bincike na shekara 12 a birnin Rishon LeZion na Isra'ila, wanda ya fito a 2022, ya gano cewa adadin ba ya sauka sai an yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari aikin a unguwannin da ke manne da juna.

Masu kare tsuntsaye ba su gamsu da tsarin ba, kuma suna da hujja: kyanwar da aka fiɗiye ba ta daina farauta. Wani nazari na 2013 ya ƙiyasta cewa maguna na kashe tsuntsaye fiye da biliyan ɗaya a shekara a Amurka, akasari waɗanda ba mai su. Ostireliya, inda maguna suka taimaka wajen ƙarar da nau'o'in ƙananan dabbobin daji da dama, ta bi wata hanyar: a 2015 gwamnatinta ta sanar da shirin kashe magunan daji miliyan biyu kafin 2020.