Daga Holborn zuwa Ratcliffe: Yadda Birtaniya ta Rabu da Kwal

A ranar 30 ga Satumba, 2024, aka kashe injinan tashar wutar lantarki ta Ratcliffe-on-Soar da ke kusa da birnin Nottingham. Ita ce tasha ta ƙarshe mai ƙona kwal a Birtaniya, ƙasar da ta koya wa duniya dogaro da wannan baƙin dutse. A 1882 ne kamfanin Thomas Edison ya buɗe tashar farko irin wannan a unguwar Holborn ta Landan. Shekara 142 ke nan tsakanin buɗewa da rufewa, kuma tarihinsu ya nuna yadda al'umma ke sauya makamashi, da kuma waɗanda nauyin sauyin ke faɗawa a kansu.

Kwal ne ya ja jiragen ƙasa da na ruwa, ya narka ƙarfe, ya juya masaƙun Manchester. A 1913 Birtaniya ta haƙo fiye da tan miliyan 280, kuma a 1920 mahaƙanta sun haura miliyan ɗaya. Mutane sun saba da hayaƙi har suna ɗaukarsa alamar arziki.

Wannan sabo ya girgiza a watan Disamba na 1952. Sanyi ya tsananta, iska ta tsaya cik, kowane gida yana ƙona kwal don jin ɗumi. Daga ranar 5 zuwa 9 ga watan, hayaƙi ya gauraya da hazo ya lulluɓe Landan, har mai tafiya ba ya ganin gabansa. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka rasu, binciken da aka yi daga baya kuwa ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 majalisa ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta ba da ikon hana hayaƙi a unguwanni. Sai da aka yi asarar rayuka kafin doka ta motsa.

Bayan doka, kasuwa ta biyo. An gano iskar gas a Tekun Arewa a shekarun 1960, kwal ɗin cikin gida kuma ya yi ta tsada. Da gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙudurta rufe ramukan da ba sa kawo riba, mahaƙa suka shiga yajin aiki a 1984, suka yi kusan shekara guda, suka koma ba tare da nasara ba. Garuruwan Yorkshire da kudancin Wales, inda ɗa ke gadon ubansa a rami, suka wayi gari babu aikin yi, wasunsu har yau ba su farfaɗo ba. An rufe babban rami na ƙarshe, Kellingley, a Disamba 2015.

Matakin ƙarshe ya zo da sauri. A 2008 aka kafa dokar sauyin yanayi, daga baya aka ɗora haraji a kan hayaƙin tashoshi, aka kakkafa manyan fankoki a teku masu samar da wuta daga iska. A 2012 kwal na ba da kusan kashi 40 cikin ɗari na lantarkin ƙasar. A ranar 21 ga Afrilu, 2017, aka yi yini da kwana cur ba a ƙona shi don lantarki ba.

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Birtaniya na dogaro da gas, shi ya sa kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan Rasha ta mamaye Yukiren. Duniya kuma tana ƙona fiye da tan biliyan 8 na kwal a shekara, fiye da rabinsa a Sin, ƙasar da ita ce kuma kan gaba wajen ƙera faifan hasken rana.

Tarihin Birtaniya ya tabbatar da cewa rabuwa da kwal mai yiwuwa ne idan doka da farashi da fasaha suka haɗu. Ya kuma bar gargaɗi ga ƙasashen da ke biye: iskar Landan ta gyaru, amma mahaƙan Yorkshire ne suka biya wani ɓangare na kuɗin. Duk gwamnatin da za ta rufe rami, ya wajaba ta fara tanadar wa mutanensa abin yi.